Ragar jijiyar zuciya mai polima da marar polima: wacce ta dace da majinyacinka?

Idan likitan zuciya ya gama ɗaukar hoton jijiyoyi ya ce akwai wadda ta tsuke har sai an buɗe ta, abu na gaba da iyali ke ji shi ne sunaye baƙi na 'yar ragar ƙarfen da ake sakawa a jijiyar, kowanne da farashinsa. A asibitocin Indiya da Masar da Dubai, da cibiyoyin zuciya na Legas da Abuja, akan ce wa ɗan majinyaci: wannan ragar tana da polima, wannan polimarta narkewa take yi, wannan kuwa babu polima a jikinta ko kaɗan. Polima wani siririn shafi ne da ke riƙe magani a jikin ragar. Kunne na jin "babu" sai zuciya ta raya wa mutum cewa wani abu mai cutarwa aka cire, don haka wadda aka cire wa ita ce mafi aminci, ko da ta fi tsada.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mutane ba su goyi bayan wannan zato ba. Raga marar polima tana da kyau, tana kuma da mutanen da ta dace da su. Amma ba ta fi ragar zamani mai polima aminci ba, kuma akwai gwajin da ta gaza a cikinsa. Abin da nake so mai karatu ya fita da shi daga nan shi ne sanin tambayoyin da za su amfani mahaifinsa ko matarsa a gaban likita, domin kalmar polima ita kaɗai ba ta isa ta yanke hukunci ba.

Abin da ake sakawa a jijiyar

Zuciya tana tura jini ga duk jiki, ita ma kuma tana da 'yan jijiyoyinta da ke kwance a samanta suna ciyar da ita, faɗin kowacce milimita 2 zuwa 4. Kitse kan taru a bangonsu shekara da shekaru har hanya ta tsuke. Likita yakan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta saman cinya, ya kai shi wurin, ya hura ɗan balan-balan ya buɗe hanyar, sannan ya bar wata 'yar ragar ƙarfe mai siffar bututu ta tokare bangon. Ita ce likitoci ke kira sitent. Ba a cire ta. Nama ne ke rufe ta a hankali har ta ɓace a cikin bangon, kamar rodi a cikin kankare.

Ragar zamani abu uku ce a haɗe: ƙarfen, maganin da ke hana nama tofowa fiye da kima, da abin da ke riƙe maganin a jikin ƙarfen. Wannan na ukun shi ne polima, wani siririn shafi dangin roba. Aikinta ta riƙe maganin kada jini ya wanke shi tun a hanya, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni ko watanni.

Yadda polima ta yi baƙin jini yana da tarihi. A watan Satumba na 1977 Andreas Gruntzig ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik. Aikin ya yi, sai dai jijiyar takan sake tsukewa a wajen mutum 3 ko 4 cikin 10. A 1986 Jacques Puel a Tulus ta Faransa da Ulrich Sigwart a Lozan ta Suwizalan suka fara saka ragar ƙarfe zalla. Ta hana bangon komawa, amma ta zo da nata: jiki yana ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai ya yi ta tofo da nama a cikin ragar har ta sake matsewa a wajen mutum 2 zuwa 3 cikin 10. Daga nan aka zo da dabarar shafa magani. Raga ta farko irin wannan, Cypher, mai ɗauke da maganin sirolimus, ta samu izini a Turai a 2002, a Amurka a 2003, sai Taxus ta biyo ta a Amurka a 2004. A gwajin RAVEL, bayan wata shida ba a samu ko mutum ɗaya cikin masu Cypher da jijiyarsa ta sake tsukewa ba, alhali fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu ƙarfe zalla sun tsuke. Duniyar likitocin zuciya ta ɗauka an gama da matsalar.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. A taron likitocin zuciya na Turai a Basalona a 2006 aka fito da rahotanni cewa wasu masu sabuwar ragar gudan jini na toshe ta kwatsam bayan shekara ɗaya, biyu, har uku. Wannan ya fi sake tsukewa muni nesa ba kusa ba. Tsukewa a hankali take zuwa, mutum ya fara jin ciwon ƙirji ya koma asibiti. Gudan jini kuwa lokaci guda yake rufe hanya, ya jawo bugun zuciya mai tsanani ko mutuwa. Binciken da aka yi a kan majinyatan biranen Ban ta Suwizalan da Rotadam ta Holan ya nuna abin na faruwa ga kusan kashi 0.6 cikin 100 a kowace shekara, kuma ba ya tsayawa. Renu Virmani da abokan aikinta a Amurka, waɗanda ke duba jijiyoyin mamata, sun ga ƙarfen a tsirara nama bai rufe shi ba, ga kumburi kewaye da polimar. Daga nan aka tsawaita shan magungunan hana gudan jini zuwa shekara guda, aka kuma ɗora wa polima laifi. Ta cancanci wani kaso na laifin. Amma waɗancan ragunan masu kauri ne ƙwarai, sandunan Cypher sun kai maikiron 140 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kuma tun 2011 kamfanin ya daina yin ta.

Kamfanoni suka rabu gida uku wajen neman mafita. Wasu suka ce a gyara polimar ta zama wadda jiki ke jurewa, a kuma rage kaurin ƙarfen: a nan Xience da Resolute Onyx suke, kowacce maikiron 81, polimarsu tana nan har abada. Wasu suka ce a yi polimar da za ta narke bayan ta gama aikinta: BioMatrix, Ultimaster, Synergy mai maikiron 74, da Orsiro wadda ƙananan girmanta maikiron 60 ne. Na uku suka ce a raba gari da polima ɗungurungum. BioFreedom ta kamfanin Biosensors an kakkarce bayan ƙarfenta ne aka manna maganin biolimus kai tsaye. Maganin yana son kitse ƙwarai, don haka yana shiga bangon jijiya da sauri, kusan dukkansa ya bar ƙarfen cikin wata ɗaya. Cre8, wadda aka ƙera a Italiya, an haƙa wa sandunanta 'yan ramuka ne ta ɓangaren bango aka cika su da sirolimus gauraye da wani sinadarin kitse, tana saki cikin wajen wata uku. Coroflex ISAR ta Jamus tana haɗa sirolimus da maganin probukol, shi ne ke rage saurin fitarsa.

Ka ga ke nan "marar polima" ba abu ɗaya ba ne. Raguna uku ne da ba su yi kama da juna ba a ƙarfe, a magani, ko a saurin saki. Sakamakon ɗaya ba ya zama shaida ga ɗayar.

Abin da aka gani da aka gwada su

Gwajin da ya ɗaga sunan raga marar polima shi ne LEADERS FREE, wanda Philip Urban ya jagoranta, aka wallafa a 2015. Gwaji ne da ya cancanci yabo, domin ya ɗauko mutanen da sauran gwaje-gwaje ke gudu: tsofaffi, masu ƙarancin jini, masu ciwon ƙoda, masu ciwon daji, masu shan maganin tsinka jini, masu jiran tiyata. Mutum 2,466 ne, matsakaicin shekarunsu sama da 75. A wancan lokacin irin waɗannan ƙarfe zalla ake saka musu, saboda ana tsoron ba za su iya shan magungunan hana gudan jini na watanni da yawa ba. Aka raba su biyu, rabi BioFreedom, rabi ƙarfe zalla, kowa ya sha magani biyu na wata ɗaya kacal sannan ya ci gaba da guda. Bayan kwana 390, mutuwar da zuciya ta jawo, bugun zuciya, ko gudan jini a raga ya samu kashi 9.4 cikin 100 na masu BioFreedom, da kashi 12.9 na masu ƙarfe zalla. Waɗanda aka sake buɗe wa wurin kuwa kashi 5.1 ne da 9.8. Wannan nasara ce ta gaske, ita ce ma ta fara kawo ƙarshen ƙarfe zalla.

Sai dai a lura da wanda aka kara da shi. BioFreedom ta doke raga marar magani ne. Ba a saka mai polima a wannan gwajin ba ko ɗaya. Shekaru da dama mutane suka riƙa cewa rashin polima ne ya ba da damar gajarta magani, alhali gwajin bai taɓa wannan tambayar ba.

ONYX ONE ne ya taɓa ta. Stephan Windecker na Suwizalan ya jagorance shi, aka wallafa a 2020. Mutum 1,996 masu haɗarin zubar jini, irin na LEADERS FREE, aka raba tsakanin Resolute Onyx mai polimar dindindin da BioFreedom, kowa wata ɗaya na magani biyu. Bayan shekara, mutuwar zuciya, bugun zuciya ko gudan jini a raga: kashi 17.1 ga mai polima, 16.9 ga marar polima. Gudan jini a raga shi kaɗai, wanda shi ne ainihin abin da ake tsoron polima a kansa: kashi 1.3 ga mai polima, 2.1 ga marar polima. Bambancin bai kai a ce ɗaya ta fi ba, amma ko kusa bai karkata inda ake zato ba. Kada adadin 17 ya firgita kowa. Babban kasonsa ƙananan raunukan zuciya ne da gwajin jini ke nunawa a lokacin aikin kansa. Wani abin da likitoci suka lura da shi, Onyx ta fi sauƙin kaiwa wurin da ake so, musamman a jijiya mai lanƙwasa ko wadda ta taurare.

Gwajin da ya fi sa ni taka-tsantsan shi ne SORT OUT IX na ƙasar Denmak, wanda Lisette Okkels Jensen ta jagoranta. Wannan bai zaɓi masu haɗarin jini ba, kusan duk wanda ya zo aka ɗauka, mutum 3,151. Aka kara BioFreedom da Orsiro mai polima mai narkewa. Bayan shekara, matsalar da ta shafi wurin da aka yi aiki ta samu kashi 5.0 na masu BioFreedom da 3.7 na masu Orsiro, kuma BioFreedom ba ta cika sharaɗin da aka gindaya na a ce daidai take da abokiyar karawarta ba. Tushen bambancin sake tsukewa ne: an sake buɗe wa kashi 3.5 na masu marar polima, da kashi 1.3 na masu Orsiro. A mutuwa da bugun zuciya da gudan jini ba su bambanta ba. Wato marar polimar ba ta ƙara aminci ba, ta kuma rage inganci. Ga wanda gidansa ke kusa da asibitin, sake buɗe jijiya wahala ce ta kwana biyu. Ga wanda ya sayar da gona ya kai mahaifinsa ƙasar waje, sake komawa wani abu ne daban.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba rashin polima kaɗai ba ne ya kayar da ita. BioFreedom ɗin da aka gwada ta baƙin ƙarfe ce marar tsatsa, kaurinta wajen maikiron 120, ninki biyu na Orsiro. Sanda mai kauri tana ƙara yi wa bango rauni, tana dagula gudun jini a bayanta, nama kuma yana daɗewa bai rufe ta ba. Wani nazari da Sripal Bangalore ya haɗa gwaje-gwaje da dama a 2018 ya nuna raguna mafi siranta sun rage matsalar wurin aiki da wajen kashi 16 cikin 100 idan aka kwatanta da masu ɗan kauri na zamani. Kamfanin Biosensors ya fito da sabuwa daga baya, BioFreedom Ultra, da wani ƙarfe mafi siranta. Darasin da ke nan ga mai saye shi ne tambayar kaurin sanda ta fi tambayar polima nauyi.

Saura batun dogon zango, domin hujjar masu son marar polima ita ce fa'idarta ba ta fitowa sai bayan shekaru, lokacin da polimar dindindin za ta fara damun bango. Likitocin birnin Munik sun bi wannan har ƙarshe a gwajin ISAR-TEST 5. Mutum 3,002, ragar sirolimus da probukol marar polima a gefe ɗaya, Resolute mai polimar dindindin a ɗaya gefen, aka bi su shekara 10 cur. Sakamakon da aka wallafa a 2020: matsalar da ta shafi wurin aiki ta samu kashi 43.8 na masu marar polima da kashi 43.0 na masu Resolute. Gudan jini a raga bai kai kashi 2 ba a kowane ɓangare cikin shekaru goman. Fa'idar da ake jira ba ta zo ba, illar da ake tsoro ma ba ta zo ba. A Holan gwajin ReCre8 ya kara Cre8 da Resolute a kan mutum kusan 1,500, aka tashi 6.2 da 5.6 bayan shekara, nan ma kunnen doki.

Akwai ma shaidar cewa polima mai kyau kariya ce. A gwajin EXAMINATION, wanda aka yi wa masu bugun zuciya mai tsanani, gudan jini ya toshe kashi 0.5 na masu Xience, da kashi 1.9 na masu ƙarfe zalla wanda babu polima a jikinsa sam. Irin polimar Xience ba ta barin ƙwayoyin daskarar da jini su manne mata kamar yadda suke manne wa tsiraicin ƙarfe.

Masu ciwon suga

A nan ne marar polima ta ɗan nuna fifiko, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Jijiyoyin mai ciwon suga ƙanana ne, ciwon yana bin tsawonsu, sun kuma fi saurin sake tsukewa. A gwajin SUGAR na ƙasar Sifaniya, mutum 1,175 duk masu suga, an kara Cre8 EVO da Resolute Onyx. Bayan shekara ɗaya matsalar wurin aiki ta kasance kashi 7.2 ga Cre8, 10.9 ga Onyx. Ana ganin sinadarin kitsen da aka gauraya da maganin ne ke taimaka masa shiga ƙwayoyin mai suga, waɗanda suka fi dogara da kitse. Idan haka ne, yabon na gaurayen maganin ne, ba na rashin polima ba. Bayan shekara biyu kuma ratar ta ragu zuwa 10.4 da 12.1, ba ta kai a kafa hujjar fifiko ba. Zaɓi ne mai kyau ga mai suga idan akwai ta, amma ba abin da za a fasa aiki saboda rashinsa ba.

Mai suga da jijiyoyinsa biyu ko uku suka lalace yana da tambayar da ta fi wannan girma. Gwajin FREEDOM na 2012 ya nuna tiyatar canza wa jini hanya ta fi saka raguna rage mutuwa da bugun zuciya ga irinsa. A nemi jin ta bakin likitan tiyatar zuciya kafin a yanke.

Zubar jini, inda zancen ya fi shafar mu

Duk wanda aka saka wa raga zai sha magani biyu masu hana jini daskarewa: asfirin da klopidogrel, ko tikagrelo, ko prasugrel. Ƙa'idar Turai a yau ita ce wata 12 ga wanda ya zo da bugun zuciya, wata 6 ga wanda ciwonsa ke lafe, sannan ya ci gaba da guda ɗaya. Ga mai haɗarin zubar jini lamarin gaba kura ne baya sayaki: a tsawaita magani jini ya ɓalle a ciki ko a ƙwaƙwalwa, a katse da wuri raga ta toshe. Ko da wata ɗaya kawai, wajen kashi 7 cikin 100 na mutanen LEADERS FREE sun yi zubar jini mai tsanani cikin shekara.

A 2019 masana suka fitar da ma'aunin gane mai wannan haɗari. Manyan alamomi sun haɗa da shan maganin tsinka jini na dindindin irin warfarin, sinadarin himoglobin ƙasa da 11, ƙoda da ta yi rauni sosai, ƙwayoyin daskarar da jini ƙasa da 100,000, ciwon daji cikin shekarar da ta gabata, taurarewar hanta, zubar jini a ƙwaƙwalwa a baya, ko babbar tiyatar da ba za a iya jinkirtawa ba. Ƙananan sun haɗa da shekara 75 zuwa sama, matsakaicin ciwon ƙoda, ɗan ƙarancin jini, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibuprofen. Babba ɗaya ko ƙanana biyu sun isa. Duk wanda ya san gidajenmu ya san dattijon da ke sayen diklofenak a kemis kullum saboda gwiwa, da dattijuwar da jininta bai taɓa cika ba, da mai gyambon ciki da bai taɓa faɗa wa likita ba saboda yana ganin ba shi ya kawo shi ba. Waɗannan ne bayanan da ke sauya shawarar likita, kuma iyali ne kaɗai suka san su. A faɗe su tun kafin a shiga ɗakin aiki.

Gajarta magani yanzu ba gadon marar polima ba ne. Ban da ONYX ONE, gwajin MASTER DAPT na 2021 ya yi amfani da Ultimaster mai polima mai narkewa a kan fiye da mutum 4,500 masu haɗarin jini: wata ɗaya ya rage zubar jini zuwa kashi 6.5 daga 9.4, ba tare da ƙaruwar bugun zuciya ko mutuwa ba. Xience da Synergy su ma an gwada su da gajeren magani.

To, wacce za a ɗauka?

Idan bugun zuciya ne na gaggawa, babu zaɓe. Duk ragar zamani mai magani da ke kan kanta a saka, domin kowane minti naman zuciya ke mutuwa, kuma bambancin da ke tsakanin ragunan bai kai asarar rabin awa ba.

Idan akwai lokaci, kuma majinyacin ba ya cikin masu haɗarin jini, ni dai siririyar raga mai polimar zamani zan nema, ta dindindin ko mai narkewa. Su ne suka fi yawan shaida, su ne suka fi hana sake tsukewa, musamman a ƙaramar jijiya ko doguwar toshewa. Idan yana cikin masu haɗarin jini, tambayar da za a yi wa likita ita ce: wannan ragar da za ka saka, an gwada ta da magani na wata ɗaya ko uku? BioFreedom ta ci wannan jarrabawa, Resolute Onyx da Ultimaster ma sun ci. Duk wadda aka samu a cikinsu ta yi. Abin da bai kamata a karɓa ba a yau shi ne ƙarfe zalla da sunan kare tsoho daga zubar jini. Tun 2018 ƙa'idar Turai ta ce raga mai magani ce ake so ga kowa.

A kan kuɗi, masu zuwa Indiya su san cewa a watan Fabrairun 2017 hukumar ƙayyade farashin magunguna ta ƙasar ta sa iyaka ga kuɗin raga: rufi (kuɗin Indiya) 29,600 ga mai magani, 7,260 ga ƙarfe zalla, an kuma riƙa ɗan gyara adadin a shekarun da suka biyo baya. Iyaka ɗaya ce ga duk masu magani, da mai polimar dindindin, da mai narkewa, da marar polima. A nemi a rubuta kuɗin ragar daban da kuɗin aiki a takardar biya. A ko'ina ne kuma, idan aka ce a ƙara kuɗi mai yawa don kawai babu polima, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Wurin kuwa shi ne yadda aka dasa ta. Raga mafi tsada, idan ba a buɗe ta sosai ba ko ba ta manne da bango ba, za ta toshe. Akwai 'yar na'urar da ake zurawa cikin jijiya ta ɗauki hotonta daga ciki, likita ya ga girman da ya dace ya kuma tabbatar ragar ta zauna. A wani gwaji na Koriya ta Kudu da aka wallafa a 2023 a kan toshewa masu wuya, amfani da wannan hoto ya rage matsala daga kashi 12.3 zuwa 7.7. Babu wani gwajin polima da ya nuna rata mai girman wannan. Haka kuma wanda ciwonsa ke lafe, ba bugun zuciya ya kawo shi ba, yana da haƙƙin tambaya ko ragar dole ce yanzu. Gwajin ISCHEMIA mai mutum 5,179 ya nuna cewa ga irinsu fara wa da magani kaɗai bai ƙara mutuwa ba. Abin da raga ta fi yi musu shi ne rage ciwon ƙirji.

Kafin a bar asibiti a karɓi katin ragar. A jikinsa akwai sunanta, girmanta, jijiyar da aka saka ta, da ranar aiki. A sa likita ya rubuta ranar da za a daina magani na biyu da kuma wanda za a ci gaba da shi, a ɗauki hoton takardar a waya. Wanda zai koma garin da babu ɗakin buɗe jijiya kusa, ya tanadi maganin watanni daga kantin da aka amince da shi, domin mako ɗaya babu klopidogrel a watan farko ya isa ya toshe kowace irin raga, mai polima ko marar ita. Idan ana buƙatar maganin kare ciki, likitoci sun fi son pantoprazol a kan omeprazol, saboda omeprazol yana rage ƙarfin klopidogrel. A bar diklofenak da danginsa. Ƙaho da cire haƙori da duk wani yanka su jira izinin likitan zuciya. Mai niyyar azumi ya tambaya tun kafin watan ya kama; asfirin da klopidogrel sau ɗaya ake sha a yini, tikagrelo kuwa sau biyu ne, sai an tsara masa lokaci.

Idan bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko aka yi aman jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti nan take da katin a hannu. Kada a tsayar da magungunan biyu a gida. Likitan da ya karɓi majinyacin ya kira likitan zuciya, su biyun su yanke wanda za a dakatar da kuma na kwana nawa.